Zoɓon gidanmu yana kumbura roba: ya zama giya ke nan?

Wata 'yar Garwa ce, a arewacin Kamaru, ta aiko da tambayar. Marigayiya kakarsu ta fara sayar da zoɓo da ruwan tsamiya a unguwar Hausare, mahaifiyarsu ta gada, yanzu sana'ar tana hannunta. Ta ce: "Idan zafi ya tsananta, kwana biyu sai robobin su kumbura, in an buɗe su yi huci. Wani abokin yayana ya ce tunda abin yana son tsimuwa, mu bar shi ya zama ruwan inabin folere, wato giyar zoɓo, mu sa a kwalba da sunan gidanmu kamar yadda wasu iyalai ke yi, har mu haɗa da mangwaron da ke ruɓewa a lambunmu. Ni ba zan sayar da giya ba. Amma wanda ya kumbura ɗin, ya riga ya zama giya ne? Kuma yaya zan yi abin da zai daɗe, ya ɗauki sunan gidanmu?"

'Yata, Allah ya jiƙan kaka, ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya sa albarka a sana'ar. Ni ma a gindin tukunyar zoɓo na tashi a Marwa, kafin in tafi Ngaundare in karanta sarrafa abinci. Robar da kike magana na san ta sarai: ta yi tauri kamar ganga, gindinta ya turo waje har ba ta iya tsayawa a kan tire, kina murɗa murfin ta ce "fsss", jar kumfa ta biyo miki hannu.

Abokin yayanki bai yi ƙarya ba a wuri ɗaya. Abin da ke faruwa a cikin robarki shi ne ainihin abin da mai yin giyar 'ya'yan itace yake nema. Shi da gangan yake yi, ya ƙara sukari, ya jira makonni. Ke kuwa abin ya zo miki ba gayyata, kuma kina tarar da shi tun yana farkon hanya.

Mai wannan aiki yis ne, wanda dai kike sa wa ƙullin fanke. Halitta ce mai rai, ido ba ya ganinta, tana nan a bawon 'ya'yan itace, a jikin matata, a hannu, a ƙafar ƙuda. Abincinta sukari. In ta ci, abu biyu take fitarwa kusan kai da kai: sinadarin da ke sa maye, wanda a nan muke ce wa alkol, da iskar gas. Giram 180 na sukarin gulukos yana ba da giram 92 na alkol da giram 88 na gas. Gas ɗin ne ke tayar da ƙulli, shi ne kuma ke kumbura miki roba. Saboda haka duk inda yis ya ba ki gas, ya ba ki ɗan'uwansa tare, ko kin gani ko ba ki gani ba.

Masu wannan sana'a suna da lissafi: kowane giram 17 na sukari a cikin lita ɗaya, in yis ya cinye shi, yana ba da alkol kashi 1 cikin 100. Yawancin matan da na yi aiki da su kilo ɗaya na sukari suke zuba wa lita goma, wato giram 100 a kowace lita. In aka bar wannan ya tsimu har ƙarshe, zai kusanci kashi 6 cikin 100, ya kamo giyar kwalbar da ake sayarwa a mashaya ko ya ɗara ta kaɗan. Sai dai ga inda hankalinki zai ɗan kwanta. Ba sai yis ya ci sukari da yawa roba ke tauri ba. Wajen giram 8 a lita ya isa ya tara iskar da ta kusa ta cikin tayar ƙaramar mota, kuma alkol ɗin da ke tare da wannan bai wuce rabin kashi ɗaya cikin 100 ba. Robar da kika tarar yau da safe ta fara tauri, galibi tana nan wajajen, ba ta kai ta bugar da mutum ba. Matsalar ita ce abin ba ya tsayawa. A zafin da ya dace da shi, yis yana ninka kansa cikin kamar awa biyu, kuma a watan Maris da Afrilu, lokacin da Garwa ke haura digiri 40, ɗakin ajiyarki bai taɓa yin sanyin da zai rage masa gudu ba. Wadda ta yi huci kaɗan da safe, gobe war haka wani abu ce daban, kuma ba ki da na'urar auna ta. Ga shi ba yis kaɗai ke ciki ba, akwai ƙwayoyin da ke tsamar da abu, wasu ma masu ɓata ciki. A matsayina na mai wannan aiki, robar da ta kumbura ta lalace, ba ta shiga kasuwa, ba a kuma juye ta cikin sabon dahuwa don kada a yi asara. Wannan juyewar ita ce daidai yadda masu giya ke shuka yis a sabuwar tukunya.

Hukunci na malamai ne, ki kai musu da bayanin nan a hannu. Amma akwai abin da duk wanda ya zauna a makarantar zaure ya ji, ni kuma sai da na shiga ɗakin gwaji na gane zurfinsa. Ana jiƙa wa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, dabino ko busasshen inabi a ruwa, abin da ake kira nabizu. Nana A'isha ta ce in sun jiƙa da safe ya sha da yamma, in sun jiƙa da yamma ya sha da safe. Ibn Abbas kuma ya ruwaito cewa yakan sha a ranar, da washegari, har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage ba ya ajiye shi. Kin ga iyakar da aka ja ta lokaci ce, dabinon yana nan halal ɗinsa. A Risala kuma, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an kawo hanin yin tsimi a cikin duma da kuma tulun da aka shafe cikinsa da kwalta, da hanin haɗa iri biyu a tsimi ɗaya. Malamai sun yi magana kan ƙarfin wannan hani, wasu ma sun ce na mazuban an ɗage shi daga baya. Dalilin hanin da suka bayar shi ne abin yana saurin juyawa a cikinsu mai shi bai ankara ba. Cikin gora da ƙwarya ba sumul yake ba, ƙananan ramuka ne birjik, yis na jiya yana maƙale a ciki komai wankinki. Haɗa iri biyu kuwa, ruwan sukari zalla ba ya ƙosar da yis, yana buƙatar ɗan abin gina jiki da yake samu a naman 'ya'yan itace. Zoɓo da sukari kaɗai yana ɗan jurewa. Ki zuba masa abarba da dabino da kokwamba, kin ba yis tuwo da miya. Ba cewa nake an hana sa abarba a zoɓo ba, ina nuna miki dalilin da zoɓon zamani mai kayan haɗi ke riga na kaka lalacewa.

Tawa kakar ba ta san kalmar yis a wannan ma'ana ba, amma ki ji tsarinta. Bayan sallar asuba take ɗora tukunya. Iya abin da zai ƙare a ranar take dafawa. Abin da ya kwana ta bai wa almajirai da sassafe, wanda ya fara kumfa kuwa ta tuttular a gindin darbejiya, ko wa zai yi magana ya yi. Randar sai an wanke ta da soso da toka, a kife ta a rana wuni guda, a turara ta kafin a sake zuba komai. Randa biyu gare ta, yau wannan gobe waccan. Muna yara muna ganin wahalar da kai ce kawai. Ashe kifewa a rana da hutar da randa su ne suke yanke zuriyar yis tsakanin dahuwa da dahuwa. Mu da muka zo da firigo da robobin ruwan da aka sha aka yar, mun ɗauka mun fi ta dabara, sai muka koma dafa na kwana huɗu a tashi ɗaya.

Yanzu maganar gado da abokin yayanki ya kawo. Gaskiya ne akwai wuraren da giyar 'ya'yan itace sana'ar gida ce ta kaka da kakanni. A Normandi da Biritaniyar Faransa, da Asturiyas a Sifen, iyalai masu gonar tufa suna matse ta su tsima tun ƙarnuka. A arewacin Namibiya, Owambo suna da bikin nunu, ɗan itacen danya, wanda mu ma muke da shi a dazukanmu. Mata ke tattara nunun su matse su tsima abin sha da suke kira omagongo, kuma a 2015 UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Amma ki tambayi kanki me ya kai su. Manomin Normandi tufarsa tana nuna ne a bakin hunturu, ga ruwan sama ga hazo, ba shi da ranar shanya. Tsimawa ita ce rumbunsa.

A yankinmu abin sha mai sa maye da ke da tushe na hatsi ne. Maƙwabtanmu Tupuri da Mundang da Masa da Giziga da mutanen duwatsun Mandara suna da bilbil, wanda a Chadi ake ce wa bili-bili, ɗan'uwan burkutu. Da tsiron jar dawa ake yi, sana'ar mata ce, uwa ke koya wa 'ya, kuma a wurin masu bin addinin gargajiya yana shiga biki da makoki da gayya. Shi ma ba a ajiye shi, kwana ɗaya biyu ya yi tsami. A kudu kuma bammi ne, matango. Ruwan inabin folere a kwalba sabon abu ne, kuma dole ya zama sabo, domin fulawar zoɓo kusan ba ta da sukarin kanta. Inabi yana zuwa da sama da giram 200 a lita daga gona, shi ya sa yake zama giya da kansa. Zoɓo sai an sayo buhun sukari na Mbanjok ko na Banda kusa da Sarh an zuba masa ya kai haka. Abin da mai shi ke sayarwa a gaskiya tsimammen sukari ne da zoɓo ya ba launi da ƙamshi. Masu yi suna yi, wasu ma sun karanta abin a jami'a, amma kada wani ya ce miki nan ne gadon yankin yake.

Mu rana muka samu, da ita muka yi rumbu. Ki shiga babbar kasuwar Garwa ko ta Marwa ki duba layin masu kayan miya: busasshen zoɓo a buhu, curin tsamiya, garin kuka, goruba, magarya, aduwa, garin ɗorawa, dabinon Faya da ke gangarowa daga Borku ta Njamena da Kuseri. Dukansu abin sha ne da aka cire wa ruwa, suna jiran ranar da za a mayar musu. Tsamiya tana shekara a ɗaki ba ta ce uffan ba, sai ranar da kika jiƙa ta agogo ya fara bugawa. Ko itacen yakuwa ɗin ma ba a bar komai nasa ba: ganye a miya, fulawa a sha, 'ya'yan a tsima su zama daddawa, wadda Fulani ke kira mbuja. Kin ga mu ma muna tsimi, ba mu jahilce shi ba, mun dai san wanda muke so. Ga kuma maɗi, da ake dafa ruwan ɗinya ko na rake har ya yi kauri. Zan dawo kan maɗin nan, don amsar tambayarki ta biyu tana cikinsa.

Kafin nan, ta ina yis ke shiga? Ba ta tukunya ba. Ya mutu tun zafi na wajen digiri 60, balle an tafasa. Duk ɓarnar bayan saukewa take. Matatar da aka rataye a ƙusa tun jiya da ɗan danshinta. Ruwan sanyin da ake sirkawa don ya yi yawa. Sukarin da ake zubawa bayan ya huce, a juya da muciyar da ta yi wani aikin. Ɗanyar citta da aka markaɗa da bawonta, da uwa uba bawon abarba da ake jefawa ɗanye don ƙamshi. A Meziko da bawon abarba da sukari kawai suke yin wani tsimi, ba sa ƙara yis ko kaɗan, wanda ke jikin bawon ya isa. Sai robobin da yara ke tsintowa, waɗanda murfinsu ke da zare-zaren da soso ba ya shiga.

A azumin 2022, da ya faɗo cikin Afrilu, wata ƙanwata ta karɓi aikin buɗe-baki na wani masallaci. Ta dafa bido biyu masu lita ashirin-ashirin tun daren jajibiri, ta jefa bawon abarba bayan ta sauke, ta toshe, ta tura cikin firiza. Wuta ta ɗauke cikin dare ba ta dawo ba sai bayan kwana biyu. Ɗaya bidon an sha shi a ranar farko lafiya lau. Na biyun, da ta zo buɗewa ana gab da kiran magariba a rana ta uku, murfin ya ƙwace daga hannunta ya bugi rufin kwano, zoɓo ya wanke bango da mayafinta, ɗakin ya gauraye da warin ƙullin da ya kwana. Har yau akwai jan tabo a bangon. Sanyi ba ya kashe yis, sumar da shi kawai yake yi. Ko ƙanƙara ya zama, yana narkewa zai farka ya ci gaba daga inda ya tsaya.

To, gyara na farko bai buƙatar sisin kwabo: komai ya shiga tukunya tun tana kan wuta. Sukari, citta, kanumfari, bawon abarba, har ruwan da za ki sirka, duk su ji wuta tare. Matata ki tsoma ta a tafasasshen ruwa kafin tata. Daga saukewa kuma kada wani abu ɗanye ya sake taɓa shi. Wannan kaɗai zai ƙara miki kwanaki.

Kada ki sa kanwa. Na san ana sawa don a kashe tsami a rage cin sukari, kuma kin ga yadda launin ke komawa baƙi-baƙi mai shuɗi in ta shiga. Tsamin nan shi ne garkuwar zoɓo. A ma'aunin tsami da ake kira pH, zoɓo yana wajen 2.5 zuwa 3, kuma ƙwayar da ta fi kowace haɗari a abincin da aka rufe a kwalba, mai dafin da ke shanye jiki, ba ta iya tsiro a ƙasa da 4.6. Kanwa tana tura ki wajen wannan iyaka. Tsamin kuma yana cin tukunya. Tukwanen da maƙera ke zubawa da tarkacen alminiyam, binciken da aka buga a 2014 kan irin na Kamaru ya samu gubar dalma tana fita daga cikinsu in an dafa abu mai tsami. Ki tara kuɗi ki sayi ta inoks, wato farin ƙarfen da ba ya tsatsa, ko da guda ɗaya ce, ki keɓe ta ga zoɓo da tsamiya.

Abin da zai daɗe ya ɗauki suna kuwa, ni siro zan ce miki, wato maɗin zoɓo. Sukari kaɗan abincin yis ne, amma in ya yi yawa sai ya zuƙe ruwan jikinsa ya hana shi motsi. Shi ya sa zumar Ngaundal da ta nuna sosai ke shekaru a kwalba, wadda aka yanka da ruwa-ruwa kuma ta yi kumfa. Iyakar tana wajen kashi 65 cikin 100 na sukari. Ki dafa zoɓo mai kauri ƙwarai, ninkin wanda kika saba sau da yawa, ki tace, ki narkar da kilo 2 na sukari a kowace lita ɗaya a kan wuta marar ƙarfi. Zai ba ki lita biyu da ɗan ɗori. Mai saye ya zuba kofi ɗaya a kofi bakwai na ruwan sanyi, ya sami zoɓonsa sabo a lokacin da yake so. Kwalba ɗaya mai lita tana ba da lita takwas, ba ta neman firigo kafin a buɗe, tana shiga mota zuwa Ngaundare, ta hau jirgin ƙasa zuwa Yawunde, inda 'yan'uwanmu na unguwar Birketeri ke kewar ɗanɗanon gida. Tsamiya ma tana karɓar wannan hanya, citta ma haka in kin haɗa ta da lemun tsami. Kada ki daɗe kina tafasawa, jan launin yana komawa ruwan ƙasa, kuma ki ajiye kwalaben a duhu don haske ma yana kashe shi.

In kuma wanda za a buɗe a sha kai tsaye kike so, sai zubin zafi. Kwalbar gilashi, a wanke a tafasa ta. Zoɓon ya kai digiri 85, a zuba shi da zafinsa cikin kwalbar tana da ɗumi don kada ta fashe, a rufe da sabon murfi nan take, a kwantar da ita 'yan mintoci don zafin ya taɓa cikin murfin. Ma'aunin zafi na girki ba shi da tsada, ki saya, kada ki dogara da ido. Robar ruwa ba ta yin wannan aiki, tun wajen digiri 70 take lanƙwashewa. Ki kuma riƙe wannan da kyau: zubin zafi na abu mai tsami ne kaɗai, zoɓo da tsamiya da lemo. Kunun aya, ruwan dabino, kunun gyaɗa, ruwan goruba, ba a rufe su a kwalba a ajiye a ɗaki da wannan hanya. Waɗannan na yau ne, ko na cikin sanyi.

Za ki ji wasu na cewa ki sayi hodar da ke hana lalacewa, benzowat ko sobat. Kamfanoni na amfani da su, amma da awon miligiram, ƙasa da rabin giram a lita. Na sha ganin mata suna zubawa da cokalin shayi. In ba ki da sikeli mai auna ƙasa da giram, ki bar su. Ba sa gyara wanda ya riga ya fara kumfa, kuma mai sayen zoɓon gida ba don hoda ya zo ba.

Mangwaron lambunku ya ba ni tausayi, don na san yadda yake zubewa a Afrilu da Mayu har awaki su ƙoshi su bar shi. Haka 'ya'yan kashun Sangere, kusa da Garwa, da ake cire ƙwallon a watsar da naman, shi kuwa wuni ɗaya ya fara tsami. A Burkina Faso, wajajen Bobo Julaso da Banfora da Orodara, mata sun mayar da busasshen mangwaro sana'ar da ke kai kaya har Turai. Ana feraye shi, a yanka falle-falle, a busar a zafin digiri 55 zuwa 65. Sama da kilo goma na ɗanye ke ba da kilo ɗaya, don haka ki yi lissafi kafin ki sa farashi. Farkon kakar mangwaro yana haɗuwa da tsananin rana, akwatin shanya mai rufin leda mai haske da raga a gefe zai yi miki, ya kare ƙuda da ƙura. In damina ta sauka kuma sai an nemi na gas. Ki zaɓi mai aure marar zare, wanda ya nuna amma bai yi laushi ba. Wanda ya yi luguf a yi jam da shi, da sukari da ruwan lemun tsami, domin nunannen mangwaro tsaminsa ba ya isa ya kare kansa.

Akwai hanya ta uku da za a kawo miki, khal, wato ruwan tsamin da ake ce wa binega. Ki san yadda take kafin ki shiga. Ba a zuwa khal sai an bi ta giya: yis ya mayar da sukari alkol, sannan wasu ƙwayoyi masu son iska su mayar da alkol ɗin tsami, su yi wani yanar fata-fata a saman ruwan. Annabi ya yabi khal a matsayin abin haɗi da abinci, kuma malamai sun haɗu a kan cewa giyar da ta juya khal da kanta ta tsarkaka. Inda suka saɓa shi ne mutum ya juya ta da hannunsa. Wannan ki zauna da malamin da gidanku ke komawa gare shi, ki gaya masa matakan biyu yadda na gaya miki, kada ki ce masa kawai "zan yi khal da mangwaro".

Sunan gida kuma ana iya kulle shi. Hukumar OAPI, mai hedikwata a Yawunde, tana rajistar alamar kasuwanci, kuma rajista ɗaya tana aiki a ƙasashe 17, har da Chadi da Nijar, amma ban da Najeriya, in kina tunanin kasuwar Yola da Mubi. Ita ce a 2013 ta ba barkonon Penja da farar zumar Oku shaidar cewa sunan wurinsu nasu ne. Kafin ki kai can, in za ki shiga manyan kantuna, za a nemi takarda a jikin kwalba mai ɗauke da abin da ke ciki, da ranar yi, da ranar ƙarewa, bisa ƙa'idojin ANOR, hukumar kula da ingancin kaya ta Kamaru.

Ranar ƙarewar nan ba a ƙirƙira ta da ka. Ki zauna da Hajiya tun tana da ƙarfi, ki sa ta yi haɗin kaka a gabanki, duk abin da ta ɗebo da hannu ki tare shi ki ɗora a sikeli kafin ya faɗa tukunya, ki rubuta. Ki tambaye ta wane irin zoɓo kaka ke saye, baƙin ja ko mai haske, kuma daga wace kasuwa, don a Nuwamba da Disamba da sabo ya shigo za ki sayi na shekara ki adana a buhu, sama da ƙasa, nesa da danshi. Sannan ki yi siro na gwaji, kwalba shida. Ki rubuta kwanan wata a jikin kowace, ki jera su a kan kabad a ɗakin da ya fi zafi a gidan, ki buɗe ɗaya a ƙarshen kowane wata: ki kasa kunne wajen murfin, ki duba wuyan kwalbar ko akwai zoben kumfa ko furfura, ki shinshina, sannan ki sirka ki miƙa wa Hajiya ba tare da kin gaya mata na wane wata ba ne.